Sulusin sakan ɗaya: yadda Patriot ta ƙyale Scud ya faɗa kan sojoji a Dahran

Duk wanda ya yi wayo a 1991 ya san sunayen nan biyu, Scud, makami mai linzami da Iraƙi ke harbawa, da Patriot, na'urar Amurka mai tare shi a sama, ko da kuwa bai taɓa ganin hotonsu ba. A rediyo muka riƙa jin su safe da yamma, ana zaune a majalisa an kewaye 'yar rediyo ɗaya, wani na cewa Saddam ya sake harbawa, wani na cewa ai Amurka ta cafke shi a sama. A unguwarmu har jarirai aka raɗa wa suna Saddam a shekarar. Nijar kuma ta tura ɗaruruwan sojojinta Saudiyya cikin taron dangin da aka yi wa Iraƙi, dan haka maganar ba ta nesa ba ce sosai a wajenmu. Abin da ba mu ji a rediyo ba a lokacin shi ne ainihin abin da ya faru daren 25 ga Fabrairu a Dahran da ke gabashin Saudiyya, kuma ni a ganina duk mai son ya gane yanda ake kare gari daga makami mai linzami irin na balistik, daga wannan daren ya kamata ya fara, dan nan ne aka ga inda ɗinkin ya ɓalle.

Shi irin wannan makamin ba kamar jirgi yake tafiya ba. Injinsa na ci ne na ɗan lokaci kaɗan a farko, ya cilla shi can ƙololuwar sama, sai injin ya mutu, daga nan kamar dutsen da aka wurga yake, ya yi baka ya gangaro da mugun gudu. Scud na asali ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, yana cin kamar kilomita 300. To Iraƙi ta ga wannan bai isa Tehran ba lokacin yaƙinta da Iran, sai injiniyoyinta suka ƙara masa tsawo, suka ƙara tankin mai, suka rage nauyin bam ɗin da ke kansa, ya koma yana cin kusan kilomita 600, suka sa masa suna Al-Hussein. A 1988 sun harba kusan 190 kan biranen Iran. Wannan kwaskwarimar ta gida ku riƙe ta a rai dan za ta dawo a labarin.

Iraƙi ta mamaye Kuwaiti ranar 2 ga Agusta 1990, aka fara yi mata ruwan bama-bamai 17 ga Janairu 1991, washegari ta fara harba Scud kan Tel Abib da Haifa. Kafin yaƙin ya ƙare ta harba kusan 88, kamar rabi kan Isra'ila, sauran kan Saudiyya da maƙwabtanta. Daga harbawa zuwa faɗuwa minti shida zuwa bakwai ne, ko shayi ba a gama dafawa ba. Kuma makamin ba shi da saiti, za ka nufi filin jirgi ya faɗa unguwa ko cikin teku. Shi ya sa kwamandan rundunar ƙawancen, Janar Norman Schwarzkopf na Amurka, ya raina shi, yana ganin ta fuskar soja ba wani abu ba ne. Amma lissafin Saddam na siyasa ne: in ya tsokani Isra'ila ta rama, ƙasashen Larabawa irin su Masar da Siriya da ke cikin ƙawancen za su shiga tsaka mai wuya. Dan haka Washinton ta yi ta lallashin Firaministan Isra'ila Yitzhak Shamir ya haƙura kar ya shiga, aka kai masa Patriot cikin gaggawa, aka kuma yi alƙawarin za a farauto motocin harbawar.

Tsarin karewar da aka shimfiɗa hawa-hawa ne. Na farko a gani da wuri: taurarin ɗan'adam na Amurka da ake kira DSP suna hango zafin wutar da makamin ke fitarwa lokacin tashi, labarin ya je cibiyar sojan Amurka da ke Colorado, daga can a sanar da Riyad da Tel Abib, a kaɗa jiniya, mutane su samu 'yan mintoci. Sai kuma farauta, wato a ragargaza makamin tun yana ƙasa. Sai harbowa a sama, aikin Patriot ke nan. Na ƙarshe wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba, ɓuya da rarraba mutane da takunkumin gas.

Farautar nan ta ba da kunya gaskiya. Iraƙawa ba su yi amfani da tsayayyun wuraren harbawa da aka gina a yammacin ƙasar ba, waɗanda jirage suka fara kai wa hari, motoci suka yi amfani da su, manya masu taya takwas, su fito da dare su harba su gudu su shige ƙarƙashin gada ko kwalbati a hanyar Bagadaza zuwa Amman. Sun rage lokacin shiri daga sa'o'i zuwa kamar rabin awa, sun daina surutu a rediyon soja, sannan sun baza na bogi waɗanda daga sama ba ka bambance su da na gaske. An kai hare-hare kusan 1,500 da sunan farautar Scud, an tura sojojin ƙundumbala na SAS na Birtaniya da Delta na Amurka cikin hamada. Matuƙa jirage suka riƙa dawowa suna cewa sun ƙona motar harbawa, aka tara lissafi har wajen 80 ko fiye. Bayan yaƙi da rundunar sama ta Amurka ta sa aka yi bincike, sai aka kasa samun tabbatacciyar hujja cewa jirgi ya lalata ko ɗaya. Tankokin mai ne da manyan motoci da na bogin aka yi ta ƙonawa. Wani adadi a binciken da ya tsaya mini a rai: sau 42 matuƙa suka ga tashin Scud da idonsu, sau 8 kawai suka iya ganin abin da za su saki bam a kai. Abin da za a iya yaba wa farautar shi ne ta hana Iraƙawa sakewa, yawan harbin ya ragu bayan makon farko, ko da yake ya ɗan sake tashi a ƙarshe.

To sai kowa ya zuba ido kan Patriot. Ita kuma tun asali ba dan wannan aikin aka ƙera ta ba. Kamfanin Raytheon ya yi ta ne dan harbo jiragen Sobiyet a Turai, abubuwan da gudunsu bai wuce ninki biyu na gudun sauti ba, kuma an tsara ta ne ta yi 'yan sa'o'i a wuri ɗaya a kashe ta a matsa gaba kar abokin gaba ya gano inda take. Daga baya ne aka yi mata gyara dan ta iya tarar makami mai linzami, kuma lokacin da Iraƙi ta shiga Kuwaiti sabbin harsasan da aka yi dan wannan aikin, PAC-2, 'yan ƙalilan ne a hannu, sai da aka sa masana'anta aiki ba dare ba rana. Shi kuwa Al-Hussein yana gangarowa da gudun da ya kai ninki biyar na sauti, sama da kilomita ɗaya da rabi a sakan guda.

Ga yanda take aiki a taƙaice. Rada na share sama, in ta ga wani abu sai kwamfuta ta duba gudunsa da hanyarsa, ta lissafa inda ya kamata abin ya kasance nan da ɗan lokaci, sai ta buɗe 'yar taga a daidai wurin ta leƙa. In ta same shi a tagar, to Scud ne, a bi shi a harba. In ba ta same shi ba sai ta ɗauka gizo ne ya yi mata, ta share ta ci gaba. Wannan dabara ce mai kyau dan kar a yi ta ɓarnar harsashi kan hayaniyar banza. Amma duk lissafin tagar nan a kan agogo ya rataya.

Agogon kwamfutar yana ƙirga lokaci ne kashi ɗaya cikin goma na sakan, tun daga lokacin da aka kunna ta. Matsalar ita ce kwamfuta da sifili da ɗaya take lissafi, kuma a wannan tsarin ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa, kamar yanda in ka raba ɗaya gida uku za ka yi ta rubuta 0.3333 har ka gaji. Ita kuma gurbi 24 kawai take da shi na ajiye lambar, sai a datse wutsiyar. Abin da ake zubarwa a kowane ƙirge kamar 0.000000095 na sakan ne, ba komai ba ne, kamar mai awo ya rage ƙwayar gero ɗaya a kowane mudu. Amma in ya auna mudu miliyan uku da dubu ɗari shida fa? Adadin ƙirgen da agogon ke yi a awa 100 ke nan. Kuskuren ya taru ya kai 0.34 na sakan, sulusin sakan ɗaya. Abin haushin ma, lokacin da aka gyara manhajar dan ta iya da Scud an saka hanyar lissafin lokaci mai inganci a wasu wurare, ba a saka a wasu ba. Da duk tsohon lissafin aka bari ko'ina da kurakuran sun kashe juna wajen ɗebewa, amma da aka haɗa sabo da tsoho sai giɓin ya fito fili. Gyara rabi da rabi ya fi rashin gyara illa a nan.

Kuma ba wai ba a sani ba ne, wannan ne ya fi ci mini rai. Isra'ilawa sun lura tun da wuri, dan su suna naɗar bayanan na'urorinsu, ranar 11 ga Fabrairu suka kai wa ofishin da ke kula da Patriot a Amurka bayani cewa in na'urar ta yi awa 8 a kunne tagar na gocewa da kashi 20 cikin ɗari. In aka bi lissafin, a awa 20 gocewar ta kai inda na'urar ba za ta iya bin Scud ba sam. Maganin wucin gadi kuma mai sauƙi ne, irin wanda kowa ke yi wa wayarsa in ta fara iskanci: kashe ka kunna. Sakan 60 zuwa 90 yake ɗauka, agogo ya koma sifili. Ofishin ya gyara manhaja ya fitar ranar 16 ga wata. Ranar 21 ya aika wa rundunoni saƙo cewa barin na'urar a kunne na lokaci mai tsawo sosai zai iya jawo matsala. Bai faɗi awa nawa ba ne mai tsawo sosai. Jami'an sun ɗauka ai ba wanda zai bar ta a kunne har ta kai haka. Shi kuwa sojan da ke zaune cikin motar sarrafawa a Dahran, wanda aka ce masa Scud na iya zuwa kowane lokaci, me zai sa ya kashe radarsa ko na minti ɗaya in ba a ba shi umarni ƙarara ba? Ni ban ga laifinsa ba.

Ranar 25 ga Fabrairu, kwana ɗaya da fara yaƙin ƙasa, rukunin Patriot shida ne ke gadin filayen jirgi da tashar ruwa na yankin Dahran. Wanda ake kira Alpha, mai kula da sansanin jiragen, ya haura awa 100 a kunne ba hutawa. Maƙwabcinsa Bravo kuma an kashe shi ana gyaran rada. Wajen ƙarfe takwas da minti arba'in na dare Scud ya taho. Radar Alpha ta hango shi, kwamfuta ta yi lissafinta ta buɗe taga, amma tagar ta goce da mita 687 kamar yanda rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya nuna a Fabrairun 1992. Ta leƙa ba ta ga komai ba, ta share. Ko harsashi ɗaya bai tashi ba.

Makamin ya faɗa kan wani sito na ƙarfe da kwano da aka mayar wurin kwanan sojoji. Lokacin an ci abincin dare, wasu na kwance kan gadajen tafi-da-gidanka, wasu na hira. Mutum 28 suka mutu, kusan 100 suka ji rauni. Goma sha uku daga cikin mamatan 'yan wata ƙaramar runduna ce ta sojojin ko-ta-kwana daga garin Greensburg a jihar Pennsylvania, aikinsu tace ruwan sha, kwanansu shida da sauka Saudiyya. Babu wani hari guda da ya kashe wa Amurka mutane haka a duk yaƙin, kuma makamin da janar ya raina ne ya yi shi. Gyararriyar manhajar ta iso Dahran washegari, 26 ga wata. Ranar 28 aka tsagaita wuta.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba dan labarin agogon ya fi daɗin bayarwa: me ya sa aka tara mutum sama da ɗari a ƙarƙashin kwano ɗaya, a garin da aka yi makonni ana harbo masa Scud? Kwana tara kafin nan, 16 ga Fabrairu, wani Scud ɗin ya faɗa cikin ruwa a tashar Jubail ta Saudiyya dab da inda aka jibge harsasai da jiragen ruwan yaƙi, Allah ya taƙaita bai fashe ba. Wato gargaɗi ya zo. Amma an saba ganin wuta na tashi sama ana tafi, kowa ya sakankance akwai laima a kansa. Da an raba mutanen nan gida biyar, ko an kewaye wurin kwanansu da buhunan yashi da ramukan ɓuya a kusa, ko da agogon ya yi ƙaryarsa ɓarnar ba za ta kai haka ba. A Isra'ila inda Scud kusan 40 suka faɗa, mutum biyu ne aka tabbatar makamin da kansa ya kashe, duk da dubban gidaje sun lalace a Ramat Gan da Tel Abib. Sa'a na ciki, gine-ginen kankare na ciki, jiniya da ke ba mutane minti kaɗan na ciki, da yawa kuma sun bar garin da dare. Su ma dai sun biya wani farashin, dan tsoron makami mai guba ya sa an ce kowa ya shige ɗakin da aka toshe da leda da salatif, wasu suka mutu da bugun zuciya, wasu suka shaƙe cikin takunkumin da ba su cire murfinsa ba, ɗaruruwa suka yi wa kansu allurar maganin guba alhali ba gubar. Iraƙi ba ta harba ko ɗaya mai guba ba.

Sai maganar ko da Alpha ta harba, za ta same shi? Nan ma ba tabbas. Ranar 15 ga Fabrairu, kwana goma kafin Dahran, Shugaba George Bush babba ya je masana'antar Raytheon a Andover ya ce cikin Scud 42 da aka tara an tare 41. Jama'a suka yi ta tafi. To ku tuna kwaskwarimar da na ce a riƙe. Tsawon da Iraƙawa suka ƙara wa makamin ya sa in ya dawo cikin iska mai kauri sai ya karye, gangar jiki da tankin mai su yi nasu wuri, kan da ke ɗauke da bam ya riƙa wulwulawa yana gangarowa a karkace. Rada sai ta ga abubuwa da yawa, sau tari Patriot ta bi babban guntun, wato tankin da ba komai a ciki, ta fashe kusa da shi, a talabijin a ga ƙwallon wuta a ce an samu, shi kuwa kan ya wuce ya faɗa gari. Rashin iya ƙira ya zame wa Iraƙi dabarar yaudara ba da niyya ba. Wasu harsasan Patriot ɗin ma da kansu suka juyo suka faɗa unguwanni.

Bayan yaƙi rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ce nasarar kashi 80 ce a Saudiyya, 50 a Isra'ila, a 1992 ta sauko zuwa 70 da 40. Wani malamin jami'ar MIT, Theodore Postol, da abokin aikinsa George Lewis suka zauna suka bi faifan bidiyon 'yan jarida hoto bayan hoto, suka ce su ba su ga hujjar an lalata kan makami ko da 'yan kaɗan ba, mai yiwuwa ma ko ɗaya. Raytheon ta musanta ta ce kyamarar talabijin ba ta da saurin da za ta nuna gaskiyar abin. GAO kuma ta ce kamar kashi 9 cikin ɗari ne kawai ke da ƙwaƙƙwarar hujja. Dalilin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne yawancin rukunonin Amurka ba su da na'urar naɗar bayanai a lokacin, kwamandoji na tsoron kar a jona wani abu ya sa kwamfutar ta tsaya. Wannan rashin naɗar shi ne kuma ya sa ba su gano matsalar agogon da kansu ba sai da Isra'ilawa suka faɗa musu.

Duk da haka ba zan ce Patriot ba ta yi komai ba. Ta yi aikin siyasar da aka kai ta yi, Isra'ila ba ta shiga yaƙin ba, ƙawancen bai watse ba, mutanen Riyad sun samu ɗan kwanciyar hankali. Sai dai kwanciyar hankalin da ya wuce abin da na'urar ke iyawa shi ma yana da nasa haɗarin, kuma a sito na Dahran aka biya.

Abin da aka canza daga baya ya nuna sojojin da kansu sun san inda ta yi yoyo. Aka ƙero PAC-3 wanda ba ya fashewa kusa da makami, karo yake yi da kan kai tsaye ya niƙe shi. Isra'ila ta kafa nata tsarin Arrow a 2000 mai tara tun daga can sama. A yaƙin 2003 rundunar Amurka ta ce duk makamai 9 na Iraƙi da Patriot ta tara ta kakkaɓo su, amma a wannan yaƙin ne kuma ta harbo jirgin Tornado na Birtaniya ta kashe mutum biyu, ta harbo jirgin F/A-18 na sojan ruwan Amurka ta kashe matuƙinsa, dan an sakar wa kwamfuta hukunci da yawa. Sannan ranar 8 ga Janairu 2020 Iran ta yi wa sansanin Ain al-Asad a Iraƙi, inda sojojin Amurka suke, ruwan makamai masu linzami da suka fi Scud saiti nesa ba kusa ba, kuma babu Patriot ko ɗaya a sansanin. Labari ya zo da wuri, aka kwashe jirage da wani ɓangare na mutane, sauran aka rarraba su cikin ramukan kankare, wasu ma tun zamanin Saddam aka gina su. Sama da sojoji 100 suka samu rauni a ƙwaƙwalwa saboda girgizar fashewar, amma ba wanda ya mutu.